Me Ya Sa Wayata Ke Ƙirga Mini Taku Ina Kan Amalanke?

Tambaya: Malam, ranar Alhamis na hau amalanken shanu daga ƙauyenmu zuwa kasuwar Maigatari. Ƙafata ba ta taɓa ƙasa ba, amma wayata ta rubuta wai na yi taku sama da 2,000. Ta ina take sanin motsina, kuma me ya sa ta shara mini ƙarya? Daga wani manomi a Jigawa.

Amsa: Malam, ba ƙarya ta yi maka ba, kintacenta ne ya kuskure. A cikin wayar akwai wata 'yar na'ura da ba ta wuce ƙwayar dawa ba, aikinta auna jijjiga: sama da ƙasa, gaba da baya, hagu da dama. Mai tafiya a ƙasa yakan yi taku kusan biyu a daƙiƙa, saboda haka duk jijjigar da ta zo a jere da irin wannan kari, sai manhajar ƙirgen taku da ke cikin wayar ta lissafa ta a taku. To ga ka a kan amalanke, wayar na aljihun gaban riga, taya na faɗawa rami tana fita. Ina za ta bambance?

Masana sun daɗe a kan wannan fanni na sa na'ura ta gane halin da mai ita yake ciki. A 1992 masu bincike na kamfanin Olivetti a Kambirij ta Ingila sun bayyana wani bajo da ma'aikaci ke maƙalawa, kiran waya ya bi shi duk ɗakin da ya shiga. A 2013 kuma Jami'ar Dartmouth ta Amurka ta bibiyi ɗalibai 48 na mako 10 ta wayoyinsu, tana auna barcinsu da zirga-zirgarsu da yawan hirarsu. Da yardarsu aka yi, ba kamar wasu manhajojin da muke saukewa ido rufe ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne, manhaja abin da aka koya mata kaɗai ta sani. An horar da ita da motsin masu tafiya, masu gudu, masu keke da masu mota. Amalanke ba ya cikin karatunta. Ko da ta nemi taimakon GPS, wato tsarin tauraron ɗan Adam mai nuna inda waya take, ma ba ta tsira ba, don saurin shanu da na mai tafiya a ƙasa kusan ɗaya ne. A ganina aikin ɗalibanmu na kwamfuta ne a Dutse da Kano su tattaro motsin amalanke, jaki da babur a kan burji su koya mata. Kafin nan, in za ka hau, ka kashe manhajar ƙirgen.