Igwa ba kayan biki ba ce

Ɗana, saƙonka ya iso, na karanta wa gwaggonka har tana riƙe ciki. Wai tunda sojoji kan buga igwa sau 21 don girmama shugaban ƙasa, daga ina abin ya samo asali, kuma me zai hana a kawo maka 'yan bindiga ranar ɗaurin aurenka? Ni dariyata ba ta yi nisa ba.

Al'adar ta jiragen ruwan yaƙi ce. In jirgi zai shiga tashar wata ƙasa sai ya harbe igwoginsa, a san ba da faɗa ya zo ba. Mu kuwa ba da gaisuwa igwa ta zo mana ba, da ita Turawa suka fasa ƙofar ganuwar Kano a 1903. Kakanka yakan ce ganuwa doki take tarewa, ba abin da ke faɗowa daga sama ba. Ƙaramar igwa ma, wadda ake kafa bututunta a ƙasa a zura harsashi ta baki, sama take cilla shi ya dira a bayan katanga. A Kachia ake koyar da sojojinmu wannan aiki.

Azumin 1966 muna Unguwar Shanu a Kaduna, ina saurayi. Daren 15 ga Janairu, tun ba a tashi sahur ba, sai dum! Jeren kwanukan Inna suka hau kaɗawa. Baba ya ce a kwanta, atisaye ne, don a kwanakin sojoji sun saba fita cikin dare. Aka sake bugawa. Muka fito tsakar gida, ga sama ta yi ja ta wajen gidan Firimiya. Inna ta ɗumama tuwo, ya huce a kwano ba wanda ya sa hannu. Gari na wayewa labari ya zo: an harba wa gidan makamin fasa tanka, an kashe Sardauna da matarsa Hafsatu. Baba ya wuni bisa buzu, carbi a hannu, bai ce wa kowa uffan ba.

Ku yaran yanzu ƙara ce kawai ke burge ku, ana harbi a tsakiyar mata da yara kuna ɗauka a waya. 'Yan bindigar Sarkin Zazzau a hawan sallah da izini suke yi, kuma gadon gidansu ne. Ka taho ranar Juma'a bayan masallaci, kai da babanka. Maganar sadaki ma ba mu gama ba.