Kogon ƙarƙashin gida: me zai iya riƙewa, me zai lalata?

Tambaya: Assalamu alaikum. Mun sayi gida a jihar Carolina ta Arewa a Amurka. Ba shi da ɗakin ƙasa, sai wani kogo tsakanin ƙasa da daɓen katako, tsayinsa bai kai ƙafa huɗu ba, da rarrafe ake shiga. Kaya sun yi mana yawa: akwatunan atamfa da leshi, darduma, manyan tukwanen biki, littattafai da takardun makarantar yara. Maigida ya ce mu zuba su can. Me kuke gani? Daga wata baiwar Allah.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Tukwanen za su iya shiga. Atamfa da leshi da darduma da takardu kuwa kada su leƙa wurin. Su ma tukwanen, sai an auna danshin kogon tukuna.

Magini bai bar wannan kogo don ajiya ba. An bar shi ne don a ɗaga katakon gida daga ƙasa, a kuma sami hanyar bututun ruwa da wayoyin lantarki da bututun iska. Ƙa'idar gini ta yawancin jihohin Amurka ta ce a bar aƙalla inci 18 tsakanin ƙasa da katakon da ke ɗauke da daɓe, saboda ƙasa ba ta daina fitar da laima ko da ido ya ga ta bushe ƙarau.

Danshi ta hanya uku yake shigowa. Akwai wanda ke tasowa daga ƙasa, akwai ruwan sama da ke gangarowa gindin bango, sai na uku wanda ya fi yaudarar mutane, wato iskar bazara. A yankinku, daga Yuni zuwa Satumba iskar waje tana da zafi kuma cike take da laima. Idan ta bi ta ƙananan tagogin kogon ta tarar da wuri mai sanyi, sai ta sauke ruwanta a jikin katako da bututu, kamar yadda gorar ruwan sanyi ke gumi idan an fito da ita daga firij. Shi ya sa za a ga kogo da tagogi a buɗe ta kowane gefe, amma katakonsa ya yi fari fat da fumfuna.

Don haka abin da za ki fara saya ƙaramin ma'aunin danshi ne, irin mai aiko da lamba cikin gida ba tare da waya ba. A rataye shi a tsakiyar kogon, a bar shi makonni biyu zuwa uku, kuma a tabbata an yi ruwa mai ƙarfi a cikin kwanakin. Awon Yuli ko Agusta shi ne abin dogaro, domin na Janairu zai nuna miki lafiya lau alhali ba haka wurin yake ba duk shekara. Ƙasa da kashi 60 cikin 100, wurin zai yi ajiya. Idan ya tsaya a 70 ko sama, fumfuna za ta kama duk abin da aka yi da auduga ko takarda ko fata. Akwai kuma ma'aunin da ake cakawa a katako. In ya nuna kashi 20 ko fiye, ba maganar ajiya ake yi ba, gidan ne kansa ke neman gyara.

Ranar da maigida zai shiga, ya sa takunkumi mai lamba N95 da safar hannu, ya ɗaura fitila a goshi, wani ya tsaya masa a bakin ƙofa. Ya duba jikin bulo: farin gari kamar kanwa alama ce ruwa na ratsa bangon. Ya duba audugar da aka cusa tsakanin katakai don tare sanyi, in ta yi nauyi tana zazzagowa, ta sha ruwa. Kan ƙusa mai tsatsa ma shaida ne. Sai kuma 'yar siririyar hanyar laka mai kaurin fensir da ta hau bango zuwa katako. Wannan gara ce, kuma a ranar za a kira masu maganinta.

Gyara daga waje ake farawa. A share magudanar rufi, a ƙara wa bututun saukar ruwa tsawo ya zubar nesa da bango, a gyara ƙasar gindin gida ta gangara waje da inci 6 a cikin ƙafa 10 na farko. In har ruwa yana kwanciya a ciki bayan haka, sai an haƙa ɗan rami an sa injin zuƙe ruwa. Wanda ya shimfiɗa leda a kan kwantaccen ruwa, rufe matsalar ya yi.

Bayan nan ledar da za a rufe ƙasar kogon da ita don tare laima. Kaurinta da mil ake aunawa, wato kashi ɗaya cikin dubu na inci. Mai mil 6 ita ce mafi ƙanƙantar da ƙa'ida ta yarda da ita, amma gwiwa da gindin akwati suna huda ta cikin 'yan watanni. Tunda za a riƙa shiga da fita, a sayi mai mil 12 zuwa 20. A kwashe tsakuwa da guntayen katako kafin a shimfiɗa, a ɗora baki kan baki da inci 12, a liƙe da tef ɗin da aka yi dominta, a naɗe ginshiƙai, a hau da ita jikin bango. A can sama a bar inci 3 na bango tsirara, don mai duba gara ya ga hanyarta in ta hau.

Toshe tagogin kogon gaba ɗaya yana da kyau, amma da sharaɗi biyu. Idan akwai injin ɗumama gida ko tankin ruwan zafi mai aiki da gas a ciki, kada a toshe sai ƙwararre ya duba, domin rashin iska na iya mayar da hayaƙi mai kisa cikin ɗakuna. Idan kuma gidan yana yankin ambaliya, ƙofofin da aka bari don ruwa ya ratsa ba a rufe su. A yi gwajin radon ma, wata iska ce mara wari da ke fitowa daga ƙasa tana jawo sankarar huhu. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta ce a ɗauki mataki in awo ya kai 4 a ma'aunin radon (pCi/L).

Idan wurin ya bushe, abin da zai shiga shi ne abin da za a iya wankewa da ruwa da sabulu ya koma yadda yake: tukwanen alminiyom, kuloli, kujerun roba, ragowar tayil, kayan lambu. Kada a ajiye komai a kan ledar kai tsaye. Dabarar rumbu ce, wanda ake ɗorawa a kan duwatsu don kada hatsi ya sha laimar ƙasa. A sa kanta ta roba ko ta ƙarfe mara tsatsa, a sa wani faffaɗan abu a ƙarƙashin ƙafafunta don kada su huda leda, a janye ta daga bango kamar ƙafa guda. A bar hanya daga ƙofa zuwa makullin ruwa, a bar inci 30 a gaban duk wani inji. Ba a rataye kaya a jikin bututu, ba a huda katakon daɓe don kafa ƙugiya. Fetur, fenti da tukunyar gas ba su da wuri a can ko kaɗan, domin iskar kogon sama take hawa, ita kuke shaƙa a falo.

Kayan lefenki, Hajiya, a nema musu saman wadirob ko ƙarƙashin gado. Ki kuma tambayi kamfanin inshorarku ko yana biyan kayan da suka lalace a kogon, domin ɓarnar danshi da ta taru a hankali ba kasafai ake biyanta ba.

Tambaya: Ina Ohio. Ina da kwalaye masu ƙarfi kyauta daga wurin aiki, ko lallai sai na sayi robobi? Sannan na ga na'urar tsotse danshi ta ɗaki ta fi ta kogo araha nesa ba kusa ba. Wacce zan ɗauka? Daga wani ɗan'uwa.

Amsa: Malam, kwali abincin gara ne, gidan kyankyaso ne, kuma yana jan laima ya yi laushi har gindinsa ya ɓalle a hannunka. Robobi za ka saya, masu zoben roba a bakin murfi da maƙalai a gefe. Murfin da ake dannawa kawai ƙura yake tarewa, iska na shiga abinta. Kafin ka je kanti ka auna ƙofar kogon, domin da yawansu ba su wuce inci 18 da 24 ba, wasu ma 16 da 24. Matsakaitan robobi sun fi manya, tunda a durƙushe za ka ja su, kuma abin da ya wuce kilo 15 wahala ce ga baya. Ka cika su a cikin gida ranar da iska ta bushe, ka jefa ƙullin silika mai tsotse laima a kowace, ka rubuta abin da ke ciki a gefe da sama.

Kada abinci ya shiga, ko shinkafa ce a rufe. Ɓera yana gaigayar roba in ya ji ƙanshi. Kada kuma ka watsa kafur a ƙasa don korarsa, tururinsa ɗakunan kwana zai hau. In ka tarar da kashin ɓera, ba a share shi a bushe, saboda ƙurarsa na iya ɗauke da cutar da ake kira hantavirus, mai kama huhu. A fesa masa bilic kashi ɗaya a ruwa kashi tara, a bar shi minti biyar, a kwashe da takarda.

Game da na'urar, ta ɗaki tana da bokiti da ke cika ta kashe kanta, kuma ba wanda zai riƙa rarrafe kullum don zubarwa. Idan sanyin wurin ya sauka ƙasa da digiri 18 a ma'aunin Salshiyos, cikinta kan yi ƙanƙara ta daina aiki, ga Ohio kuma da dogon sanyi. Ta kogo gajera ce, tana jure sanyi, tana tashi da kanta in wuta ta ɗauke ta dawo. Ita za ka saya, mai tiyon fitar da ruwa, da ɗan famfo in babu gangare. Ka saita danshinta tsakanin kashi 50 da 55 cikin 100, ka sa mai gyaran wuta ya kafa mata soket mai yanke wuta in ruwa ya taɓa, ban da doguwar waya daga falo. Amma in babu leda a ƙasa kuma tagogi a buɗe suke, riƙe kuɗinka tukuna, don na'urar za ta kwana tana busar da iskar unguwa ne.

Tambaya: Mu a Kano ba mu da irin wannan kogo, amma akwai sarari tsakanin silin da kwano. Zan iya jera akwatuna a can? Daga wata uwar gida.

Amsa: A'a, sai an yi masa shiri. Silin na POP ko na roba a jikin siraran katako tubaitu yake rataye, nauyin kansa kawai aka yi shi ya ɗauka. Akwati ɗaya zai iya tsaga shi, mutum kuwa in ya taka sai dai a tsince shi a tsakar ɗaki. In lallai ne, kafinta ya gitta katako mai kauri tubaisis daga kan bango zuwa kan bango, ya buga allunan katako a kai, nesa da wayoyin wuta. Ko da hakan, zafin ƙarƙashin kwano a watan Afrilu yana busar da fata ya tsattsage ta, yana lanƙwasa roba, yana lalata hotuna da batir, don haka tukwane da kwanuka kaɗai za su hau. In silin ɗin tsohon allon asbesto ne, kada a huda shi ko a yanka, ƙurarsa tana illa ga huhu.