Sababbin hannu na yabon Copilot, tsohon hannu ya kashe nasa: wa ke da gaskiya?

Tambaya: Ina jagorantar ƙaramin rukunin masu rubuta manhaja, mu shida. Wata huɗu ke nan muna biyan kuɗin GitHub Copilot, mataimakin ƙirƙirarriyar basira (AI) da ke ba mai rubuta manhaja shawarar layukan da zai rubuta. Matasa biyu da suka shigo bara sai yabonsa suke, amma wanda ya fi kowa daɗewa a cikinmu ya kashe nasa, ya ce ja masa aiki baya yake yi. Wa zan gaskata?

Amsa: Malam, mai yiwuwa kowannensu gaskiya ya gaya maka, kuma masu bincike sun ga irin abin da ka gani.

A 2022 kamfanin GitHub ya ba mutum 95 aiki iri ɗaya, su rubuta ƙaramar saba (manhajar da ke amsa buƙatun wasu na'urori ta intanet) da yaren manhaja na JavaScript daga tushe, wasu da Copilot, wasu babu. Masu Copilot sun gama cikin kusan awa ɗaya da minti 11, sauran suka kai awa biyu da minti 41. To amma a 2025 cibiyar METR mai binciken ƙirƙirarriyar basira ta ɗauki ƙwararru 16, ta ba su ayyuka 246 a cikin manyan manhajojin da suka shekara da shekaru suna kula da su. Da taimakon ƙirƙirarriyar basira, galibi ta Cursor, wata manhaja mai aiki irin na Copilot, lokacin aikinsu ya ƙaru da kashi 19 cikin 100. Abin da ya fi ɗaure min kai shi ne, bayan sun gama, su a ransu gani suke sun ƙara sauri da kusan kashi 20.

Dalilin ba a ɓoye yake ba. Na'urar ta ƙware a abin da aka rubuta sau dubbai: fom ɗin rajista, haɗa manhaja da rumbun bayanai da makamantansu. Nan ne sabon hannu ke kwana yana lalube, saboda haka dole ya ji an sauke masa kaya. Shi kuwa tsohon hannunka, rabin abin da ya sani ba a rubuce yake a ko'ina ba. Ya san dalilin da ya sa aka bar wani layi mai kama da kuskure, ya san abokin cinikin da zai kira da sassafe in an taɓa shi. Kafin ya yi wa na'ura wannan bayani, ya jira, ya karanta, ya gyara, da tuni ya rubuta da hannunsa.

Damuwata tana wajen matasan. Na taɓa duba aikin wani yaro mai ƙwazo da ya karɓi shawarar na'ura ya adana lambobin waya a matsayin adadi. Ya gwada, komai ya tafi daidai a idonsa. Sai da saƙonni suka ƙi isa ga mutane aka gano sifilin farko na 0803 duk ya zube. Minti biyu aka yi ana rubutawa, yini guda aka yi ana nema. Kuma ka lura, wanda ya yi wannan neman shi ne babba. Sau da yawa saurin da ƙarami ya samu, a teburin mai bitar aikinsa ake biyan kuɗinsa. Rahoton 2024 na DORA, masu binciken yadda kamfanoni ke fitar da manhaja, ma ya nuna inda amfani da waɗannan kayan ya ƙaru, ingancin sakin manhaja ba tare da tangarɗa ba ya ɗan ragu.

Shi ya sa rukuni biyu za su sayi abu ɗaya su sami sakamako daban. Masu gwaje-gwaje na atomatik, waɗanda ke tura canji kaɗan-kaɗan, suna kama kuskuren da wuri. Waɗanda ba su da su, tarin layukan manhaja kawai suke ƙarawa.

Kada ka tilasta wa tsohon hannunka. Ka roƙe shi ya gwada a inda shi ma baƙo ne, kamar sabon yaren manhaja ko rubuta gwaji. Matasan kuma ka kafa musu sharaɗi: duk layin da mutum ba zai iya bayyana shi da bakinsa ba, ba zai shiga ba. Sannan ka yi wata biyu kana rubuta kwanakin da kowane aiki ya ɗauka daga farawa har zuwa hannun masu amfani, da yawan waɗanda suka dawo gyara, kafin ka sabunta biyan kuɗin.