Maigidana firist ne na Angilikan, yana son komawa Katolika: da rigarsa zai shiga?

Tambaya: Baba Kanon, barka da hidima. Maigidana ya shekara goma sha ɗaya yana aikin firist a ɗaya daga cikin dayosis ɗinmu na Arewa. Tun da Cocin Ingila ta amince da yi wa masu auren jinsi addu'ar albarka ransa ya ɓaci, yanzu kuma wani ya turo masa saƙo ta WhatsApp cewa Fafaroma ya buɗe wa firistocin Angilikan ƙofa, su shigo da matansu da muƙaminsu. Har ya fara maganar rubuta takardar ajiye aiki. 'Ya'yanmu huɗu, a gidan coci muke zaune, barci ya gagare ni. Gaskiya ne abin da aka faɗa masa?

Amsa: Mama, Ubangiji ya kwantar miki da hankali. Kafin komai, ki roƙi Rabaran ya dakata da wannan takarda, domin saƙon da aka turo masa tsohon labari ne da aka yanke masa kai da ƙafa.

Ƙofar da ake magana gaskiya ce, amma tun Nuwamba 2009 aka buɗe ta, lokacin da Fafaroma Benedict na 16 ya fitar da dokar Anglicanorum Coetibus, wadda ta ba 'yan Angilikan damar shiga Katolika a ƙungiyance tare da riƙe wasu addu'o'insu da salon sujadarsu. Rassa uku kaɗai aka kafa a ƙarƙashinta: na Ingila da Wales a Janairu 2011, na Amurka da na Ostireliya a 2012. Babu ko ɗaya a Afirka. Firist daga Zariya ko Gombe da ya bar mu, wurin bishop na Katolika na yankinsa zai je ya gabatar da kansa, shi kaɗai.

Abin da ya fi damuna, kuma kusan kullum sai na yi gardama a kansa da matasan ma'aikata, shi ne zaton cewa tunda mu da Roma mun yarda a kan cewa aure tsakanin namiji da mace ne, to sauya sheƙa kamar canjin unguwa ne, mutum ya kwashe kayansa ya tafi. Wannan kuskure ne mai rusa gida. Tun 1896 Fafaroma Leo na 13 ya yanke hukunci cewa keɓewar firistocin Angilikan ba ta da inganci ko kaɗan, kuma har yau ba a janye hukuncin ba. Saboda haka ranar da maigidanki ya shiga, a matsayin ɗan ikilisiya kawai za a karɓe shi. Ba za a sake yi masa baftisma ba, amma za a yi masa tabbatarwa, kuma idan yana son hawa bagade sai ya koma karatu, a sake keɓe shi dikin, sannan firist. Kasancewar yana da mata, sai an nemo masa izini na musamman daga Roma, mutum ɗaya bayan ɗaya ake dubawa, kuma ba dole ne a bayar ba. Mai aure kuwa ba ya zama bishop a can. Keith Newton, da John Broadhurst, da Andrew Burnham duk bishop-bishop ne a Cocin Ingila, amma firistoci aka keɓe su a 2011. Michael Nazir-Ali, tsohon bishop na Rochester, haka ya shiga a 2021. Idan manya irin waɗannan sun ajiye sanda, wane ne ya gaya wa mai tura saƙo a waya cewa Rabaran zai wuce da rigarsa? Kuma a tsawon wannan jira, wa zai ba ku gida, wa zai biya kuɗin makarantar yara? Masu yaɗa jita-jitar nan ba su taɓa amsa wannan ba.

Sannan ba batun luwaɗi kaɗai mai shiga yake sa wa hannu ba. Zai furta a gaban jama'a cewa ya gaskata dukan abin da Katolika take koyarwa: ikon Fafaroma da rashin kuskurensa a hukuncin bangaskiya kamar yadda aka tabbatar a 1870, koyarwa a kan Maryamu ta 1854 (cewa an ɗauki cikinta ba tare da zunubin asali ba) da ta 1950 (cewa an ɗauke ta zuwa sama da jikinta), juyawar gurasa da ruwan inabi su zama ainihin jiki da jinin Almasihu, da hana magungunan tazarar haihuwa. Rabaran ya yi rantsuwa a kan Ƙa'idodin Bangaskiya 39 na Angilikan, waɗanda suka ƙi wasu daga cikin waɗannan ƙarara. Yawancin waɗanda suka koma a Ingila mutane ne da dama can sujadarsu ta yi kama da ta Roma, kuma keɓe mata firistoci, wanda aka fara a 1994, da shirin naɗa su bishop, su suka fi tunzura su. Mu kuwa jikokin mishan ɗin CMS ne, wato ƙungiyar 'yan mishan ta Cocin Ingila, irin na su Dokta Miller na Wusasa, masu ɗora komai a kan Littafi Mai Tsarki da wa'azi. A cikin dangin Angilikan, muna cikin waɗanda suka fi nisa da Roma.

Ko can ɗin ma gardamar ba ta ƙare ba. A Disamba 2023 fadar Fafaroma ta ba firistoci damar sa wa masu zaman jinsi ɗaya albarka a wajen tsarin sujada, ba tare da canza koyarwar aure ba, yawancin bishop-bishop na Katolika a Afirka kuma suka ce ba za a yi a ƙasashensu ba.

Ki kuma tambaye shi, me yake gudu a gida? Hukuncin majalisar Cocin Ingila na Fabrairu 2023 a kan wannan addu'ar albarka ba ya hawa kan Cocin Najeriya, domin kowane lardi da ikon kansa yake. Cocinmu tana kan matsayar taron Lambet na 1998, inda bishop-bishop na Angilikan na duniya suka ƙi amincewa da sa wa zaman jinsi ɗaya albarka. Bayan Cocin Angilikan ta Amurka ta naɗa Gene Robinson bishop a 2003, alhali yana zaune a fili da abokin zamansa namiji, mun cire sunan Kantabari, kujerar babban akbishop na Cocin Ingila, daga kundin tsarinmu a 2005, kuma Akbishop Peter Akinola yana kan gaba wajen kiran taron GAFCON, na 'yan Angilikan masu riƙe da tsohuwar koyarwa, a Urushalima a 2008.

Idan bayan addu'a da nazari Rabaran ya gaskata a zuciyarsa cewa Fafaroma magajin Bitrus ne, ba ni da ikon tare shi, kuma ba zan kira shi ɗan ridda ba. Amma ya fara zama da bishop ɗinsa, ya kuma je wurin wani Fada dattijo ya karanta Katekizim ɗinsu daga farko har ƙarshe, ke ma kina wurin, domin rufin da ke kanki da na yaranki ne ake magana a kai.