Kwamfutar shago ta cika da saƙonni: in sayi sabuwa ko akwai gyara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da shago a Bab Sharif a nan Jidda, ina sayar da abaya da sallaya da turare, ina kuma aika kago zuwa Kano. Duk hulɗata da waɗanda nake saro kaya a wurinsu da masu fitar mini da kaya daga kwastan ta imel ce, a manhajar Thunderbird da ke kan kwamfutar shago. Yanzu kwamfutar ta yi nauyi, kullum tana gargaɗin wuri ya cika. Yarona ya goge saƙonni masu yawa, amma ba abin da ya ragu. Mai gyara ya ce sai dai in sayi sabuwa. Ga Umarar azumi ta ƙarato, kuɗin da ke hannuna na kaya ne. Me ka gani?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya sa albarka a kasuwa. Kada ka taɓa kuɗin kaya tukuna, domin akwai aikin da ba ya cin ko riyal ɗaya wanda ya kamata a fara yi. Amma kafin nan ka ce wa yaron ya dakata da goge-goge, akwai dalili.

Thunderbird tana zuba duk saƙonnin akwati guda a cikin fayil ɗaya, wani na bin wani. Idan aka goge saƙo, ba ta cire shi daga fayil ɗin. Alama kawai take sa masa, ta ɓoye shi daga idonka, ta kuma kwafe shi zuwa kwandon shara. Ka ga kenan gogewar da yaronka ya yi, in bai zubar da kwandon ba, ƙara cin wuri ta yi. Kamar littafin bashin shagonka ne: wanda ya biya ka ja layi a kan sunansa, amma shafin na nan, littafin bai rage kauri ba. Sai ranar da ka zauna ka kwafe masu sauran bashi a sabon littafi ka jefar da tsohon. Wannan kwafewar ita ce matse akwatunan saƙo, kuma manhajar takan tambaye ka jefi-jefi ko ta yi. Yawancin masu shago suna tsakiyar ciniki, sai su danna a'a, a haka shekaru su wuce.

Dalilin da na ce a dakata shi ne, muddin ba a matse ba, saƙon da aka goge yana nan kwance a fayil ɗin, wanda ya san aikin zai iya dawo da shi. Da zarar an matse, ya tafi kenan. To me yaron ya goge? Idan tallace-tallace ne da hotunan samfur na bara, Allah raka taki gona. Idan kuwa akwai rasitan saro kaya, takardun kwastan, ko saƙon da mai kago ya amsa cewa katan kaza ya karɓa a farashi kaza, wannan hujjarka ce ranar da magana ta tashi. Wannan ya fi damuna fiye da nauyin kwamfutar, saboda ɗan kasuwa ya rasa shaidar hulɗarsa ya fi ya rasa na'ura ciwo. Ga kuma hukuma: harajin VAT a Saudiyya kashi 15 cikin ɗari ne tun watan Yulin 2020, kuma hukumar zakka da haraji da kwastan, ZATCA, tana buƙatar wanda ya yi rajista ya adana takardunsa aƙalla shekara 6. Ka zauna da kanka ka duba kwandon shara, abin da ya shafi kuɗi ka mayar da shi wurinsa.

Daga nan sai kwafin ajiya, kuma wannan ba ya tsallakuwa. A cikin Thunderbird ka shiga Help, sannan Troubleshooting Information, za ka ga maɓallin Open Folder. Jakar da ya buɗe ita ce ma'ajiyar saƙonninka gaba ɗaya. Ka rufe manhajar, ka kwafe jakar dungurungum zuwa hadis na waje (hard disk, na'urar adana fayiloli), ka tafi da shi gida. Kar ya kwana a aljihun teburin da kwamfutar take kai. Wannan ya fi zama dole idan akwatinka irin na POP ne, mai sauko da saƙo ya iya share shi daga sabar kamfanin imel, wato babbar kwamfutarsu mai ajiye saƙonni, domin wataƙila kwafin shagon nan shi kaɗai ne a duniya. Idan IMAP ne, mai barin saƙonni a sabar, ka sani matsewar za ta share abin da aka goge har a sabar, wayarka ma ba za ta ƙara ganinsa ba.

Aikin kansa ba wuya. Ka zubar da kwandon shara da akwatin saƙonnin banza. Ka danna dama a kan Inbox, ka shiga Properties, ka rubuta girman da ya nuna a takarda don ka kwatanta daga baya. Sai ka sake danna dama ka zaɓi Compact, ko ka je File ka zaɓi Compact Folders a yi wa duk akwatunan. Tun da sabon fayil ake rubutawa kafin a watsar da tsohon, ana buƙatar sarari, ga shi taka kwamfutar ta cika. Don haka ka fara kwashe bidiyo da hotuna zuwa hadis ɗin, ka soma da ƙananan akwatuna, Inbox da Sent su zo a ƙarshe. Ka yi shi bayan an tashi daga kasuwa, kwamfutar na jone da wuta, kada kowa ya rufe manhajar ko ya kashe na'urar ko da ta yi kamar ta tsaya. Katse aikin a tsakiya shi ne hanyar da aka fi lalata akwati.

Maƙwabtanka masu amfani da tsohon Outlook ma haka abin yake, maɓallinsu Compact Now ne a cikin Account Settings, sashen Data Files, kuma daga Outlook 2010 fayil ɗinsu ba ya wuce gigabait 50 sai an sauya saiti.

Don kada abin ya dawo, ka lura da abin da ke cika akwatin: hotunan samfur da kasidun kaya. Duk fayil ɗin da aka liƙa a imel yakan ƙaru da kusan kashi ɗaya bisa uku na girmansa. Ka riƙa sauke rasitai kana jera su a jakar kowace shekara, tsofaffin saƙonni kuma ka zaɓe su ka danna harafin A, Thunderbird za ta kai su ma'ajiya shekara-shekara. Yaron ya riƙa matsewa duk ƙarshen wata, ranar da kuke lissafi.

Ba na cewa mai gyaran ya yi maka ƙarya. Idan an matse kuma nauyin na nan, ko hadis ɗin ciki yana fitar da ƙara, ka tambaye shi kuɗin sa mata SSD, wato sabon nau'in hadis mai sauri, ya fi sayen sabuwa sauƙi nesa ba kusa ba. Akwai kuma dalili na gaske da zai iya sa ka canza ta: Microsoft ya daina tallafin da ya saba ba Windows 10 tun 14 ga Oktoban 2025, kuma tsofaffin na'urori da yawa ba sa ɗaukar Windows 11. Idan taka na cikinsu, ka sa sayen sabuwa a lissafin bayan Sallah, daga ribar cinikin azumi, ba daga uwar kuɗi ba.