Sallolin da suka wuce mahaifinmu yana sume, da waɗanda ke gabansa yanzu

Tambaya: Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Mahaifinmu ya samu shanyewar ɓarin jiki, ya yi kwana 19 a asibiti bai san inda kansa yake ba. Yanzu an sallamo shi, amma ɓarin damansa ba ya motsi, kuma maganarsa ta ɗauke, sai kalma ɗaya da yake ta maimaitawa. Yayanmu ya ce sai Baba ya rama duk sallolin da suka wuce, ƙanin Baba kuma ya ce salla ta faɗi a kansa tunda ba ya magana. Ni nake kwana da shi, kuma idan an kira salla nakan ga yana hawaye yana ɗaga hannunsa na hagu. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya ba mahaifinku lafiya, ya saka miki da alheri.

Rabin amsar tana cikin jimlarki ta ƙarshe. Abin da ke wajabta salla hankali ne, ba harshe ba, kuma mutumin da yake jin kiran salla ya zubar da hawaye ya san abin da ake kira. Ciwon da ya shanye ɓarin dama sau da yawa yakan taɓa sashen ƙwaƙwalwa mai kula da magana, sai kalmomi su ƙi fitowa alhali mai ciwon yana fahimtar abin da ake faɗa. Ki gwada shi da tambayoyin da amsarsu e ce ko a'a, ya amsa da matse hannunki, sannan ki tambayi likitansa, domin akwai waɗanda fahimtar ma takan taɓu. Idan yana gane lokaci kuma yana iya ƙulla niyya, salla tana kansa: ya yi ta a kishingiɗe da nuni, ya karanta a zuciyarsa. Ki yi masa alwala, idan ruwa zai cutar da shi a koma taimama, kuma robar fitsari ba ta hana shi salla. Idan hankalinsa ya gushe har lokacin salla ya fita, babu komai a kansa.

Maganar yayanku ita ce take bukatar tsayawa, domin ba daga kansa ya ƙirƙiro ta ba. Mazhabar Imamu Ahmad ce, wadda take ganin wanda ya suma zai rama komai daɗewar suman, bisa kwatanta shi da mai barci da kuma abin da aka ruwaito cewa Ammar ɗan Yasir ya suma ya farfaɗo ya rama. Ni ban gamsu da wannan ba. Mai barci idan aka taɓa shi zai tashi, kuma shi ya kai kansa shimfiɗa. Mahaifinku kuwa an soka masa allura, an juya shi, an kira sunansa kwana 19 bai amsa ba, to ta ina ya yi kama da mai barci? Ramuwar mai barci da mai mantuwa nassi ne ya zo da ita a kansu, ba a ambaci mai suma a ciki ba. Ruwayar Ammar malaman hadisi sun yi magana a kan isnadinta, wato jerin waɗanda suka ruwaito ta, kuma ko da ta inganta, aikin sahabi guda yana iya zama neman kuɓuta ne ba wajibi ba, musamman da yake Imamu Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa daga Nafi'u cewa Abdullahi ɗan Umar ya suma har hankalinsa ya gushe, bai kuma rama sallar ba. A kan haka Malik da Shafi'i suka tafi, kuma Abu Hanifa ma yana sauke ramuwa idan suman ya wuce yini da dare. Wanda ya ce ai ana rama azumi, sai mu ce mai haila ma tana rama azumi ba ta rama salla. Saboda haka kada a ɗora wa dattijon da raka'a biyu ke gajiyar da shi salloli 95. Sallar da ya farfaɗo a cikin lokacinta kaɗai zai yi, kuma babu mai yin salla a madadin wani.

Akwai abin da ba ki tambaya ba amma na fi jin tsoronsa. Tunda yana fahimta, ku daina zancen ciwonsa da kuɗin maganinsa a kansa kamar ba ya ɗakin, kuma kada wani ya kama yatsansa ya dangwala a takardar gida ko ta banki ba da yardarsa ba, domin dukiyarsa tasa ce muddin yana numfashi. Kada a ba shi ruwa ko abinci yana kwance, a tayar da shi zaune tukuna, saboda wannan ciwo yana raunana haɗiya, abin da ya kauce ya shiga huhu kuma yana iya kai shi ga halaka. A riƙa juya shi kamar bayan kowace awa biyu don kada fatarsa ta gyambace, kada kuma a dakatar da maganin hawan jini don an ga sauƙi.

Game da tsarkinsa, matarsa ce ta fi cancanta, sai 'ya'yansa maza. Ke kuma idan lalura ta kama, ki sa safar hannu ki kawar da kai. Wannan ya kawo ni ga yayanki. Ki gaya masa na ce himmar da ya yi wajen ƙirga sallolin Baba ya juyo da ita ya karɓi kwana biyu ko uku a mako, domin jinyar iyaye ba ta 'ya mace kaɗai ba ce, kuma wadda ba ta yi barci ba ita ce za ta manta da awar magani. Wallahu a'alam.