Zancen sallamar yaron shagonka

Babana, bayan gaisuwa, ya Abuja, ya kasuwa, ya mai ɗakinka da yara? Saƙon muryarka ya iso, sai da na sa ƙanwarka ta sake kunna mini, don da farko na ɗauka tsokana ce irin taka. Ka ce yaron nan da ke tsare maka shagon wayoyi a Wuse ya daɗe a hannunka, danginsa sun fara shaguɓe a kan sallama, kai kuma kana so ka ji: sallamar yaro da jari dole ce, ko kuwa al'adar mutanen da ce kawai? Ka ƙara da cewa a wannan zamani da dala ke kwana a wani farashi ta tashi a wani, ba gara ka yanka masa albashi ba, kowa ya san matsayinsa? Na yi dariya har Hajiya ta leƙo daga tsakar gida tana tambayar lafiya. Da na kwanta kuma sai jikina ya yi sanyi.

Abin dariyar shi ne wannan zamani, wannan zamani da kake ta nanatawa, sai ka ce mu a inuwa muka yi kasuwa. Ina samartaka aka bar fam da sule aka koma naira da kwabo a 1973, tsofaffi suka daɗe suna ciniki da sule a baki suna ba da canji da kwabo. Kuɗin Udoji na ƙarin albashi suka shigo hannun ma'aikata, kaya suka yi tashin gwauron zabi. Kuzar da ta kafa garin Jos, wadda ta kawo kakanninmu daga Kano da Zariya da Bauchi, farashinta ya faɗi a kasuwar duniya a 1985, leburorin Bukuru da Barikin Ladi da ke sayen yadinmu ranar biya suka watse, aka bar mana kududdufai. Shekara ta zagayo Babangida ya kawo SAP, tsarin nan na tsuke bakin aljihu. Masaƙun Kaduna da muke taƙama da su, yau ina suke? To ka ga ba a kanka farau ba.

Amma bari in ba ka labarin 1984, don shi ne ya tsaya mini a rai tun da na ji muryarka.

Ƙarshen watan Afrilu ne, mulkin Buhari da Idiagbon, ana tsakiyar yaƙi da rashin ɗa'a, lokacin da soja ke sa babban mutum tsallen kwaɗo don ya tsallake layi. Aka wayi gari rediyo na sanar da an sauya launin takardun kuɗi, an rufe iyakokin ƙasa, wa'adin kuma bai cika mako biyu ba. Mutum ɗaya naira 5,000 za a canza masa hannu da hannu. Abin da ya haura sai ka zuba a asusun banki, ka yi rantsuwa a takarda ka faɗi inda ka samo. Ka tuna a lokacin takarda mafi girma ita ce 'yar Murtala, naira 20.

Maigidanmu, Allah ya jiƙansa, atamfa da shadda da yadi yake sayarwa, yana sarowa daga Kantin Kwari da Kaduna. Bai taɓa taka ƙofar banki ba, yana ƙyamar kuɗin ruwa, kuma bai yarda da takardar da ba zai iya karantawa ba. Kuɗinsa a adaka suke, ƙarƙashin gado. Kuma ba duka ne nasa ba. Akwai ajiyar marayu, akwai adashen matan unguwa, akwai na Fulanin da suka sayar da shanu suka ce Alhaji ya riƙe musu sai kaka. Halal ne tsantsa, amma wa zai rubuta wa Bafulatani rasit ɗin saniya?

Daren ranar, bayan isha'i, ya kira ni turakarsa. Ba wuta, sai fitilar ƙwai. Ya ce in jawo adakar. Da na ɗaga murfin wani wari ya bugo ni, turaren wuta haɗe da danshi, wasu takardun har sun manne da juna. Muka yi ta ƙirga, muna ɗaurewa da ƙyallen bakin atamfa, kowace ajiya da irin ƙyallenta, don ta haka yake gane ta wane ce. Hannuna na rawa, shi kuwa yana ɓantarar goro kamar ba abin da ya faru. Da muka gama bai ce komai a kan kuɗin ba. Sai ya fara lanƙwasa yatsu yana kiran sunaye: wane yana Bukuru, wane yana Mangu, wane Pankshin, wane Saminaka, wane Bauchi. Ya ce, da asuba ka hau motar farko zuwa Bukuru, ka wuce Barikin Ladi, ka ce musu ina kira. Sauran yaran gida aka watsa su wasu hanyoyin. Ba waya, ba wasiƙa, ina kira kawai.

Kafin magaribar washegari zaure ya cika har waje. Babana, mutane ne masu furfura a gemu, wasu da shagunansu, wani da motar ɗaukar kaya, amma kowa ya tuɓe takalmi tun daga bakin ƙofa, ya durƙusa, Allah ya ƙara wa Alhaji lafiya. Dukkansu a gidan nan suka yi shara, suka ɗauki dila a ka, ya yi musu aure, ya sallame su. Matsalar ita ce kowannensu ma yana da nasa kuɗin da zai canza. Sai na ji na Mangu yana cewa, Alhaji nawa tun jiya na mai da su masara da dankali, hannuna wofi ne, a ba ni. Wasu suka zo da ƙannensu, wasu da nasu yaran da suke shirin sallama. Aka raba ɗauri ɗauri, kowa ya sa a lalita ya ɗaure a ƙugu. Ba a rubuta ko harafi ba.

Layin banki kuwa tun tsakar dare ake kafa shi, wani ya ajiye dutse, wani takalmi, a matsayin mutum. Farkon damina ne, ga yayyafi ga sanyin Jos, ga soja da bulala yana kai da kawo. Sai ka tsaya tun asuba har azahar, kana dab da shiga a ce sababbin kuɗi sun ƙare, sai gobe. Mu kuma da ke rumfa wani ikon Allah muka gani. Masu bashin da suka shekara suna sauya hanya idan sun hango mu, duk suka fito, kowa da tsofaffin kuɗi a hannu, wai sun zo sauke nauyi. Yaran rumfa suka fara gunaguni. Maigida ya ce a karɓa, a kuma yi musu godiya, ai bashin da ya dawo da ƙafarsa ba a tambayarsa inda ya kwana.

Maƙwabcin rumfarmu ya fi maigida dukiya nesa ba kusa ba. Shi leburori yake ɗauka, ya biya su da yamma, gobe ya ɗauki wasu. Ya sha faɗa a gabanmu cewa ba zai raini wanda zai zo ya zama masa kishiya a kasuwa ba. Da abin ya zo, sai ga shi a bakin banki yana neman wanda zai tsaya masa a layi a kan lada. Wasu sun kawo, wasu har yau. Ranar da wa'adi ya cika na gan shi zaune a kan benci bayan la'asar, da jaka a tsakanin ƙafafunsa, ana gaishe shi ba ya amsawa. Bai talauce ba, kada in yi masa ƙarya, amma bai ƙara komawa yadda yake ba.

Namu kuwa ɗaya bayan ɗaya suka riƙa dawowa, kowa ya kwance lalita ya zube a kan tabarma. Guda ya ce banki sun ƙi karɓar wasu yagaggun takardu, ya cike daga aljihunsa, da ƙyar maigida ya sa ya karɓi abinsa. Abu na farko da ya yi shi ne ware na marayu da na mata da na Fulani, ya mayar da kowane cikin ƙyallensa, sannan ya waiwayi nasa. Ya ba kowa turmin atamfa ya kai wa iyali. Da zaure ya watse sai ya dube ni ya ce, ka gani ko? Mutane ne kasuwa, ba tarin rumfuna ba. Kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Ba cewa nake ka riƙa yi wa doka zagaye ba, yanzu ma da lambar BVN ta banki ina hanyar take? Amma kai ma ka ɗanɗana irinta a farkon 2023, bayan an sauya 'yan 200 da 500 da 1,000, kuɗi suka ɓace, mutane na sayen naira da naira a wurin masu POS. Zauna ka tuna wa ya miƙo maka tsabar kuɗi a waɗancan makonnin ba tare da ya cire ko kwabo ba.

Ni kaina na ci moriyar abin. Rikicin Satumba 2001 ya raba garin nan, unguwa ta ƙi shiga unguwa, ba mu gama farfaɗowa ba sai ga gobarar babbar kasuwar Terminus a Fabrairun 2002. Shagona na ciki. Kaya sun tafi, littafin bashi ma ya tafi. Abin da wuta ba ta ci ba shi ne 'yar gonata, da shanun da ke hannun Fulani, da yaran da na sallama. Wannan ya ba ni gefen rumfarsa, wancan ya kawo dila ya ce sai na sayar. Dilana na Kano ya loda mini kaya a kan magana kawai, saboda sunan maigidanmu da ya rasu tun tuni. Maƙwabcina ɗan ƙabilar Ibo mai sayar da takalma shi ma yaransa ne suka tashe shi, su nasu tsarin ma ya fi namu ƙa'ida, don tun ranar ɗaukar yaro ake yanke shekarun da zai yi. Kasuwar kuwa fiye da shekara ashirin ke nan ana ta alkawarin sake gina ta. Da ita muka zauna jira, da yunwa ta gama da mu.

Maigida kan ce ɗan kasuwa ya raba ƙafa: wani abu a rumfa, wani a hannun mutane, wani a inda wuta da gwamnati ba sa kaiwa da wuri. Ku kuwa na lura komai a cikin gilashin shago kuke zubawa, har ku ƙara da bashin manhajar waya mai kuɗin ruwa, don kun ji an ce dala za ta hau. To ta hau, daga wajen naira 460 a farashin gwamnati kafin a sake ta a Yunin 2023 har ta haura 1,500 a farkon 2024. Sai kuma a Afrilun shekarar ta sauko ƙasa da 1,200 na ɗan lokaci, waɗanda suka cika shago a sama suka riƙa sayarwa da asara don biyan bashi. Ga cire tallafin mai da ya ninka kuɗin mota. Ba wanda ya san gobe, mu ma ba mu sani ba, bambancin kawai mu ba mu yi kamar mun sani ba. Sannan ga mota, ga gidan haya mai tsada, duk daga uwar kuɗi. Kakanka da ka ci sunansa ya shekara da shekaru a kan keke yana da abin sayen mota.

Albashi ba laifi ba ne, addini ma ya ce a biya ma'aikaci kafin guminsa ya bushe. Sai dai wanda ka biya ranar talatin ga wata, ranar ɗaya ga wata ba ka bin sa komai, ba ya bin ka komai. Idan shagon gaba ya ƙara masa dubu goma zai tafi da abokan cinikinka a cikin wayarsa, kuma ba ka da bakin magana. Kuma kada ka ɗauka duk iyayen gidan da mutanen kirki ne. Na san waɗanda ke riƙe yaro har ya yi furfura, ranar da zancen sallama ya taso sai a ƙaga masa sata a kore shi. Ina jin tsoron da ke cikin shaguɓen dangin yaronka ke nan, kuma ba su yi laifi ba. Abu ɗaya da zan ce kun fi mu shi ne rubutu. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Duk abin da za ka ba shi, kyauta ne ko kaya ne zai sayar ya dawo da uwar kuɗi, a rubuta, a sa shaidu.

Nawa za ka ba shi, kuma yaushe, wannan ba maganar waya ba ce. Ban san yaron ba. Ka taɓa barin masa aljihun tebur ka yi tafiya? Ka taɓa tura shi Legas shi kaɗai ya saro kaya? Idan an yi masa ragi a can, yana faɗa maka ko sai ka tambaya? Ka zo da shi Jos bayan salla ya kwana biyu a gidan nan, kada ka gaya masa dalili, ka ce rakiya zai yi maka. Ku fito da sassafe don ku wuce Akwanga da Hawan Kibo da rana tsaka, ban son tafiyar dare a hanyar nan. Ka ce ya taho da rigar sanyi. Hajiya na gaishe ka, ta ce wayar da ka aiko mata ta daina caji, ka taho da wata igiyar.